Corvette L88 ta 1967: Motar da Aka Ƙera Guda 20 Aka Kuma Ɓoye Ƙarfinta

 Sharhinmu na yau na kanikawa ne da direbobi, da duk wanda in ya ji ƙugin inji sai ya waiwaya. Za mu nufi Amurka, shekarar 1967, birnin St. Louis na jihar Missouri, inda kamfanin Chevrolet, reshen General Motors, yake harhaɗa motarsa ta gudu mai suna Corvette. A wannan shekara masana'antar ta fitar da Corvette guda 22,940. A cikinsu guda 20 kacal aka ɗora wa wani inji mai lamba L88, kuma a kan waɗannan 20 ɗin zan yi magana.

Galibinmu in aka miƙo mana takardar bayanin mota, abu ɗaya ido yake fara nema: ƙarfin doki nawa? To a wannan motar, wannan adadin shi ne wanda bai kamata a dogara da shi ba. Labarinta na gaskiya yana cikin wasu lambobin da ba kowa yake kula da su ba, yana kuma cikin jerin kayan da aka cire mata da gangan.

Jikin ba zai tsayar da mu ba, don iri ɗaya ne da na sauran Corvette na shekarar. Kujera biyu ce, ta direba da ta mutum ɗaya. Gangar jikin ta faiba ce, an ɗora ta a kan firam na ƙarfe. Daga tsakiyar tayar gaba zuwa tsakiyar ta baya santimita 249 ne. Ƙafafun huɗu duka birkin faifai ne, abin da Corvette ta fara samu tun 1965, lokacin da yawancin motocin Amurka suke kan birkin ganga. Tayoyin baya kuma kowace tana hawa da sauka ita kaɗai, ba a ɗaure su a sanda ɗaya ba. Wanda ya gan ta a bakin titi ba zai bambanta ta da 'yan'uwanta masu babban inji ba. Babu wani tambari a jikinta da ya ce L88.

Sai an ɗaga bonet ake sanin da wa ake magana. Silinda 8 ne, huɗu a dama huɗu a hagu, a siffar harafin V. Girmansa a ma'aunin Amurkawa 427 ne, wato lita 7 ke nan babu kaɗan. Injin Corolla da muka saba gani lita 1.8 ne, kun ga wannan ya kusa ninka shi huɗu. Faɗin kowace silinda milimita 108, fistin kuma yana tafiyar milimita 95 da rabi daga sama zuwa ƙasa. Ku lura, faɗin ya fi tsawon tafiyar. Injin da aka yi haka yana samun wurin manyan bawul, kuma yana jure juyi mai yawa, tunda fistin ba ya yin doguwar tafiya a kowane zagaye. A masana'antar Tonawanda ta jihar New York ake haɗa shi, sannan a kai shi St. Louis.

Bulok ɗin na zubin ƙarfe ne, amma tof silinda biyun na alminiyom ne, don a rage nauyi a gaban mota. Direban tsere ya san amfanin haka: in gaba ya yi nauyi, ka murza sitiyari a kwana motar ta ƙi bin umarni, ta miƙe. Kiranshaf ɗin ƙirar maƙera ce, an matse ƙarfen da zafinsa, ba zubi ba, kuma kowane murfin da ya riƙe shi ƙusoshi huɗu ne suka ɗaure shi. Bawul na shigar iska faɗinsa inci 2.19, na fitar hayaƙi inci 1.84.

Kamshaf ɗin kuwa, malam bakanike, nan ne halin injin yake. An yanka shi yadda bawul zai buɗe sosai ya kuma daɗe a buɗe, har akwai ɗan lokacin da na shiga da na fita suke buɗe tare. A babban gudu wannan dabara ce, domin hayaƙin da ke fita yana janyo sabuwar iska ciki. Amma in mota tana tsaye, sai ka ji injin yana tangal-tangal, yana girgiza gangar jikin, ka ce yanzu zai mutu. Tafet ɗinsa kuma ba irin mai saita kansa da baƙin mai ba ne. Dole lokaci-lokaci a buɗe murfi, a sa ma'auni, a saita bawul 16 ɗaya bayan ɗaya.

A saman injin akwai kafireta guda ɗaya ƙirar kamfanin Holley, mai maƙogwaro huɗu, wadda aka auna za ta iya zuƙar iska kimanin kubik mita 24 a minti ɗaya. Ba ta da cok. Ranar sanyi sai direba ya yi ta lallashinta da totur har ta ɗauki zafi. Inda take samun iskar shi ne abin da ya fi burge ni a motar. Idan ka ɗaga bonet ka dubi cikinsa, za ka ga matatar iskar a jikin bonet ɗin take, ba a kan inji ba. A kan kafireta ɗan kwando ne na waya da faranti mai soso a gefensa. Da an rufe bonet sai su haɗe, su toshe kowace kafa, iska ta riƙa shigowa ta bayan bonet, daidai gindin gilashin gaba. Me ya sa can? Domin in mota tana gudu, iska tana karo da gilashi ta taru a gindinsa da matsi, ga ta da sanyi, ba irin ta cikin ɗakin inji da ta gasu ba. Iska mai sanyi ta fi kauri, ta fi ɗaukar mai, ta fi ba da ƙarfi. Babu wata na'ura da aka ƙara, wurin da ya dace kawai aka buɗe.

Yanzu ga lambar da nake so ku riƙe: 12.5 bisa 1. Wannan shi ne matsin injin. Ma'ana, iska da man da suka cika silinda, fistin yana matse su har su koma kashi ɗaya cikin goma sha biyu da rabi na wurin da suka cika kafin filogi ya ba da wuta. Don a kai ga haka, kan fistin ɗin ba shafaffe ba ne, yana da tudu. Iya matsi iya ƙarfin fashewa. Sai dai matsi yana kawo zafi, kuma fetur mara ƙarfi ba ya jiran filogi. Yana kamawa da kansa tun lokaci bai yi ba, ya daki fistin yana kan hawowa. Haka ake huda fistin, a fasa ringi, a lanƙwasa kwanrod.

Shi ya sa duk wanda ya zauna a kujerar direban L88, in ya sunkuyar da kai zai ga wata 'yar takardar gargaɗi manne a tsakanin kujeru. Abin da take cewa shi ne, kada a zuba wa motar nan man da oktan ɗinsa bai kai 103 ba, in ba haka ba inji zai lalace. Oktan shi ne ma'aunin juriyar fetur ga matsi. Wanda ake sayarwa a yawancin gidajen mai na duniya a yau yana tsakanin 91 da 98. Ko a Amurkar 1967, lokacin da ake zuba wa fetur sinadarin dalma don a ɗaga oktan, ba kowane gidan mai ne yake da 103 ba. Wanda ya sayi motar nan sai ya fara sanin inda zai sha mai kafin ya san inda za shi.

To inji mai irin wannan shiri, doki nawa kamfani ya rubuta masa? 430. Ku saurara da kyau. A takardar oda ɗaya, a shekara ɗaya, akwai wani inji mai lita 7, lambarsa L71, mai kafireta uku, an rubuta masa doki 435, kuɗinsa dala 437. Shi kuwa L88 kuɗinsa dala 947 da 'yan canji. Mai saye na yau da kullum ya duba: wannan ya fi ƙarfi da doki biyar, kuɗinsa bai kai rabin wancan ba, ga kafireta uku abin nunawa. Wa zai zaɓi mai tsada kuma mai rauni? Abin da kamfanin yake so ke nan.

Adadin 430 ba ƙarya ce tsagwaronta ba. Ƙarfin inji yana hawa ne tare da juyinsa, kuma kamfani ya karanta ma'auninsa tun injin bai kai ƙololuwa ba, ya rubuta abin da ya gani a nan. Masu tsere da suka cire bututun hayaƙi na masana'anta suka sa nasu mai buɗaɗɗiyar hanya, suka bar injin ya haura juyi 6,000 a minti, sun riƙa samun abin da ya zarce doki 500 nesa ba kusa ba. Ƙiyasin da aka fi ambata yana tsakanin 540 da 560. A sani kuma, ma'aunin wancan zamani na inji ne tsirara a kan benci, ba tare da kayan da ke rage masa ƙarfi a cikin mota ba. A 1972 aka sauya wannan tsari a Amurka, don haka ba a jera lambobin da da na yanzu kai tsaye.

Me zai sa kamfani ya ƙera kaya ya kuma kori masu saye? Amsar tana komawa 1955, a tseren awa 24 na Le Mans a Faransa, inda mota ta afka cikin 'yan kallo, mutum sama da 80 suka mutu. A 1957 ƙungiyar kamfanonin ƙera motoci ta Amurka ta amince cewa mambobinta su janye daga tsere. Ford ta fice daga yarjejeniyar a 1962. General Motors kuwa a farkon 1963 sai ta ƙara tsaurara dokar a cikin gidanta.

A cikin gidan nan akwai wani injiniya, Zora Arkus-Duntov. An haife shi a Beljiyam a 1909, ya tashi a Rasha, ya yi karatu a Jamus, yaƙi ya koro shi Amurka. A 1953 ya ga Corvette ta farko a wani baje koli a New York. Surarta ta burge shi, amma injinta mai silinda 6 da doki 150 bai gamsar da shi ba, sai ya rubuta wa kamfanin wasiƙa, aka ɗauke shi aiki a shekarar. Shi kansa direban tsere ne, ya ci ajinsa a Le Mans a 1954 da 1955 cikin motar Porsche. Yana ji yana gani Carroll Shelby ya ɗauko ƙaramar mota mara nauyi daga Ingila, ya sa mata injin Ford, ya kira ta Cobra, tana ta kayar da Corvette a filayen Amurka. Duntov ya shirya martani, wata Corvette mara nauyi mai suna Grand Sport, da niyyar ƙera 125. Guda 5 aka yi manya suka tsayar da aikin.

Daga nan ya gane cewa ba za a bar shi ya kafa tawagar tsere ba, amma ba wanda ya hana shi sayar da kaya. Dokokin tsere na ajin motocin kasuwa sun ce sai abin da kamfani yake sayar wa jama'a za a shigo da shi fili. Saboda haka ya cusa motar tsere sukutum cikin takardar odar dillali, a ƙarƙashin harafi ɗaya da lamba biyu. Wanda ya sani ya sani. A ganina ya yi daidai da ya rage adadin a takarda. Da an rubuta 560, da 'ya'yan masu kuɗi sun yi layi, su zuba mata man da bai dace ba su kashe injin, ko su taka ta a titin gari da siraran tayoyin wancan zamani su kashe kansu da wasu. Ɓoyewar ta kare sunan kamfani, ta kuma kare rayuka.

Bai tsaya a kan adadi ba. In ka zaɓi L88, akwai kayan da dole ka saya tare da shi. Giya mai hawa huɗu ta hannu, ƙirar Muncie mai lamba M22, wadda haƙoranta ba su karkace sosai ba don ta jure ƙarfi, abin da ya sa take kuka har aka yi mata laƙabi da maniƙar duwatsu. Birki na musamman, J56, mai takalmin da ke da ƙarfe a ciki, wanda sai ya ɗauki zafi yake kamawa yadda ya kamata. Sifirin da shakazoba masu tauri, F41. Aksul na baya mai hana taya ɗaya yin juyin banza ita kaɗai in an fito daga kwana. Da wutar filogi ta taransisto. In aka tara har da kuɗin injin, sama da dala 1,500 ne a kan farashin motar, wanda yake dala 4,388 ga mai rufi.

Sannan ga abin da ba za ka samu ba ko da kuɗinka. Babu na'urar sanyaya ɗaki. Babu hita, a ƙasar da ƙanƙara take zuba wata da watanni, babu kuma abin share raɓar gilashi. Babu rediyo. Inda ya kamata a ga rediyon da maɓallan hita, murfi ne aka toshe wurin da shi. Tunda babu rediyo, an cire har ƙarafunan da ake rufe wayoyin filogi da su, waɗanda sauran Corvette suke buƙata saboda jikin faiba ba ya tare tartsatsin wuta daga shiga sauti. Lagireton alminiyom ne babba, amma an cire kwalar da ke kewaye fanka. A filin tsere iskar gudu ta isa ta sanyaya shi, kwalar ma tare hanya take yi. A cikin cunkoson gari kuwa, minti kaɗan allurar zafi za ta fara hawa. Dokin sukuwa ne, ba a ɗora masa lifidi da kayan hawan salla, duk abin da ba gudu zai ƙara ba an sauke.

Shin ta yi abin da aka yi ta dominsa? A watan Afrilun 1967, a tseren awa 12 na Sebring a jihar Florida, Don Yenko da Dave Morgan sun ci ajin manyan motocin kasuwa da L88, suka zo na 10 a jimla. A watan Yuni wani dillalin Kalifoniya, Dana Chevrolet, ya kai guda ɗaya Le Mans, Dick Guldstrand da Bob Bondurant suna tuƙi. A miƙaƙƙiyar hanyar Mulsanne an auna ta tana mil 171 da rabi a awa, wato kilomita 276. Tana gaba a ajinta, sai wajen tsakiyar tseren injin ya watse, daga ɗan sandan da ke haɗa fistin da kwanrod. Inji mai doki sama da 500, ƙarfe mai tsawon yatsa ya kayar da shi. Ford ce ta lashe tseren, da Dan Gurney da A. J. Foyt, ita ma da inji mai lita 7, amma da dukiyar kamfani da rundunar injiniyoyi a bayanta, abin da Duntov bai taɓa samu ba. A gida Amurka kuwa, Tony DeLorenzo da Jerry Thompson sun shafe shekaru suna mamaye ajinsu da wannan injin.

Da labari ya fara bazuwa, a 1968 an sayar da 80 a cikin sabon jiki, a 1969 kuma 116. Jimla 216 a shekara uku. Daga 1968 hita ta dawo, domin dokar tarayya ta wajabta na'urar share raɓar gilashi. A 1969 aka ƙara wani zaɓi, ZL1, wanda har bulok ɗinsa alminiyom ne, kuɗinsa dala 4,718, kusan kuɗin motar kanta. Guda 2 aka sayar.

Daga nan zamani ya juya. A 1970 Amurka ta tsaurara dokar tsabtar iska. A 1971 General Motors ta rage matsin dukkan injunanta don su iya shan fetur mai ƙarancin dalma ko mara ita. A 1973 rikicin mai ya zo. Babban inji ya bar Corvette bayan 1974, kuma a 1975 injinta na asali doki 165 yake bayarwa. Ina son L88, amma ba zan ce a dawo da man da take sha ba. Dalmar da ta ba shi oktan guba ce da ke fita ta salansa ta shiga jinin yara ta taɓa ƙwaƙwalwarsu. L88 ta 1967 ma ko hayaƙin cikin bulok ba ta mayarwa ta ƙona, wani bututu ne yake zubar da shi ƙarƙashin mota. An yi daidai da aka rufe wannan babi.

A watan Satumban 2013 an sayar da ɗaya daga cikin 20 ɗin, mai buɗaɗɗen sama, a gwanjon Mecum a Dallas kan kusan dala miliyan 3.4. A watan Janairun 2014 wata ja mai rufi ta kai dala miliyan 3.85 a gwanjon Barrett-Jackson a Scottsdale ta jihar Arizona. Abin da ke damuna da irin wannan farashi shi ne, motar da ta kai haka ba mai sake taka ta har juyi 6,000. Sai dai a tura ta daga tirela zuwa dandalin nuni, a goge, a mayar.

Inda kuɗi suka yi yawa kuma, jabu ba ya nisa. Lambar jikin Corvette ta 1967 ba ta nuna irin injin da aka sa mata, kuma yawancin na tsere sun fasa injinsu na asali tun da daɗewa an sa wani. Saboda haka masu tantancewa suna duba wurare biyu. Na farko wani ɗan shafaffen wuri a gaban bulok, gefen dama, inda aka buga lambobi da guduma. Na L88 yana ƙarewa da haruffa IT, kuma suna sa madubin ƙara girma su duba har zanen da injin masana'anta ya bari a kan ƙarfen, don a gane ko an kankare an sake bugawa. Na biyu takarda ce. A 1967 aka fara manna takardar odar kowace mota a saman tankin mai kafin a ɗora jiki. Wanda ya sauke tanki ya tarar da ita, ta yi ja saboda tsufa, mai ya taɓa ta, amma ana iya karanta L88 da M22 da J56 a jere, ya riƙe hujjar da ta fi kowace rantsuwar dillali. Shi ya sa masu irin waɗannan motoci ba sa ɓanɓare ta. Sukan cire tankin gaba ɗaya da takardar a jikinsa su adana, su sa wa motar sabon tanki.

Nan za mu dakata a sharhin na yau.